Bashin Fauziyya, Ƙyashin Murja

Akwai wani dogon bene a Hay el-Sabi', cikin birnin Alƙahira, wanda ɗaliban Najeriya masu iyali suka cinye rabinsa. Idan ka hau matakalarsa da hantsi, ƙamshin daddawa zai riga sallamar kowa isa gare ka.

A hawa na uku Murja take zaune da mijinta Habu da ɗansu Ishaq. Habu yana karatun Shari'a, a gefe guda kuma yana sayen littattafai a unguwar Darrasa yana tura wa masu shaguna a Kano. Ba su da abin hannu mai yawa, amma ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Murja ita ce uwar matan benen. Ta daɗe a Masar, bakinta ya faɗa Larabcin kasuwa, ta san wace 'yar Sudan ce ke da busasshiyar kuɓewa mai kyau. Duk matar da ta sauka sabuwa, sai a ce mata, "Je ki wajen Maman Ishaq." Ita kuwa tana jin daɗin wannan matsayi fiye da yadda take nunawa.

A shekarar 2012 Haisam, abokin karatun Habu, ya kama ɗakin da ke kallon nasu, ya ɗauko matarsa Fauziyya da 'yarsu Khairat.

Fauziyya haifaffiyar Kano ce, amma a Ingila ta tashi. A can take aiki a kantin magani, tana zaune da mahaifiyarta, mijin yana nan yana karatu. Hausarta na ɗan karkacewa, idan ta yi kuskure ita ke fara yi wa kanta dariya. Tun ranar farko ta ƙwanƙwasa ƙofar Murja, ta durƙusa har ƙasa.

"An ce ke ce babbarmu a nan. Ni dai ban san komai ba, Yaya Murja, sai abin da kika koya mini."

Murja ta yi murmushi ta ce ba komai, ai an zama ɗaya. Amma idonta yana kan keken turin yarinyar, wanda ko a manyan kantunan titin Abbas el-Akkad ba ta ga irinsa ba.

Daga nan abin ya fara, a hankali.

Aka kawo wa Fauziyya injin wanki mai yin komai da kansa. Murja ta leƙa ta hujin ƙofa tana kallon masu ɗauka, hannunta har lokacin yana zafin sabulu. Aka sa na'urar sanyaya ɗaki. Da zafi ya sauko, matan da ke taruwa a ɗakin Murja bayan la'asar suka koma ɗakin Fauziyya. Yaron wata ya yi zazzaɓi, maimakon a zo wurin Murja, sai aka kai wa Fauziyya kwalbar magani ta karanta.

Abin da ya fi tsaya wa Murja a rai shi ne Haisam. Idan sun dawo daga kasuwa, shi ke riƙe da ledoji, ga Khairat a kafaɗarsa, suna hawowa suna hira. Habu mutumin kirki ne, amma idan ya shigo littafi ne a hannunsa, idan zai fita ma littafi ne.

Fauziyya ba ta san ana yi ba. In ta dafa abu sai ta aiko. In za ta kasuwa sai ta tambayi ko Yaya Murja na son wani abu. Kowane kwano da ya shigo, sai Murja ta ji kamar nuna mata ake yi.

Bayan 'yan watanni da zuwansu, Fauziyya ta shigo da wata 'yar takarda a hannu.

"Yaya Murja, ara mini wayarki mana. Layina ba ya kiran waje, kuma dole in kira Ingila yau."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Akwai wani tallafi da ake ba iyaye masu aiki idan albashinsu bai da ƙarfi. Kamar rangwamen haraji ne, amma kuɗi suke zuba maka a banki. Ina karɓa saboda Khairat. Da farko ziyara na ce zan yi in koma, yanzu kuma mun yanke shawarar zan zauna. Ya kamata in gaya musu su daina biya, tunda na bar ƙasar."

Murja ta miƙa mata wayar. Layin na Habu ne, da sunansa aka yi rajista, wanda yake kiran abokan cinikinsa na Kano da shi, ake biya duk ƙarshen wata.

Fauziyya ta daɗe tana zuba Turanci. Murja tana yankan albasa tana saurare, ba ta fahimtar komai sai abu ɗaya da ke juyawa a ranta: wai mutum ya haihu, gwamnati ta riƙa biyansa. Ita da ta haifi Ishaq, ko sabulu ba wanda ya ba ta.

"Khalas, an gama," in ji Fauziyya. Ta ajiye kuɗin kiran a kan tebur, ta yi godiya ta fita.

Aka kwana aka tashi, shekara ta zagayo har ta wuce. Garin ya sha hayaniyar siyasa da dokar hana fita, ɗalibai suna lallaɓawa makaranta suna dawowa. Kowa ya manta da wannan kira.

Wata safiya Murja tana shara ta ji ana buga ƙofa da sauri. Fauziyya ce, ba ko ɗankwalin kirki a kanta, idanunta sun kumbura.

"Yaya Murja, na shiga uku."

Mahaifiyarta ce ta kira daga Ingila tana kuka. Hukumar da ke biyan tallafin ta aiko da takarda. Ashe kuɗin bai taɓa tsayawa ba. Yana ta shiga tsohon asusun Fauziyya, wanda ta bar wa tsohuwar katinsa. Ita kuwa ta ɗauka ajiyar 'yarta ce, tana cira tana biyan wuta da haya. Yanzu sun ce a mayar da duk abin da aka biya tun ranar da Fauziyya ta bar ƙasar. Idan aka juya shi zuwa kuɗin Masar, ya fi hayar ɗakinsu ta shekara biyu.

"To ba kin kira su ba?" in ji Murja.

"Na kira! A gabanki na kira. Sun ce ba su ga alamar kiran ba. Amma sun ba ni damar in ƙalubalanci hukuncin kafin wani wa'adi. Idan na kawo ranar da na kira da lambar da na yi amfani da ita, za su bincika. Ni kuwa wallahi ranar ta ɓace mini. An ce kamfanin waya na iya fitar da takardar kiraye-kirayen da aka yi, amma sai mai layin ya je da kansa. Don Allah ki taimake ni."

Ta kama hannun Murja da hannu biyu.

A wannan lokacin Murja ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, irin wanda mai ƙishi ke ji idan ya samu ruwan randa. Ta tsorata da kanta, amma sanyin bai tafi ba. Ga Fauziyya mai injin wanki, mai miji mai ɗaukar leda, tsaye a ɗakinta tana roƙo.

"Ma'alish, ba komai, daina kuka," ta ce. "Ki bar shi a hannuna. Zan gaya wa Malam."

Habu ya dawo ta kawo masa abinci, ba ta faɗa ba. Washegari ta ce a ranta sai ya huta. Jibi ta ce ai akwai sauran lokaci. Kullum idan ta buɗe baki, sai ta tuna ranar da aka hau da injin nan, sai ta fasa.

Da Fauziyya ta sake tambaya, ƙaryar ta fito da sauƙin da ya ba Murja mamaki.

"Malam ya je jiya. Ya sha layi har azahar. Sun ce kiran ya yi nisa, sun goge."

Fauziyya ta jingina da bango. Can ta ce, "Allah ya saka masa da alheri. Ki ba shi haƙuri, mun wahalar da shi."

Da Murja ta tsaya a nan, da ma da sauƙi. Amma ranar da mata suka taru wajen Mahasin, wata Bahaushiyar Sudan mai yi musu lalle, sai aka ɗauko zancen ramar da Fauziyya ta yi.

"Hmm," in ji Murja, tana kallon tafin hannunta. "Ni dai ba na son magana. Amma duk wanda ka gani da kaya, ka tambayi inda suka fito. Wai kuɗin gwamnatin Turawa ake ci a ɓoye, yanzu asiri ya tonu."

"Kai, Maman Ishaq!" in ji Mahasin. "Yarinyar nan ba ta yi kama da mai haka ba."

"Ni ma haka na ce da farko."

Kafin mako ya ƙare, maganar ta hau bene ta sauko. Masu zuwa shan sanyi suka ɗauke ƙafa. Bayan la'asar ɗakin Murja ya sake cika, ana shan shayi ana tambayarta farashin tumatir. Ta samu abin da take so.

Fauziyya da Haisam kuwa suka fara sayar da kaya. Na'urar sanyi ta tafi. Sarƙar aurenta ta tafi. Da aka zo kan injin wanki, Murja ta ɗauki kuɗin adashinta ta taya, ta kuma taya ƙasa da rabin kuɗinsa.

"Ki ɗauka, Yaya Murja," in ji Fauziyya. "Gara ya shiga ɗakinki da ya tafi wajen bare."

Aka turo injin ya tsallaka zuwa ɗakin Murja. Ranar farko ta zauna a gabansa tana kallon kaya na juyawa. Ta jira ta ji daɗin da ta daɗe tana hasashe. Daɗin ya zo, amma bai kai la'asar ba. Da ta fita shanya, ta hango Haisam ya fito da bokitin wanki a hannu yana taya matarsa, suna magana ƙasa-ƙasa, har Fauziyya ta yi ɗan murmushi. Ƙyashin Murja ya dawo sabo. An raba su da kaya, amma ba a raba su da abin da ya fi ci mata rai ba.

Duk abin da suka sayar bai kai ko kusa ba. Ga tsohuwa a can ita kaɗai, hawan jininta ya tashi, duk takardar da ta shigo sai ta kira tana kuka. A ƙarshe suka yanke shawara mai ɗaci. Fauziyya za ta koma Ingila ta nemi aiki ta biya, Haisam ya zauna ya ƙarasa shekararsa ta ƙarshe. Shekara nawa za a yi a rabe, ba wanda ya sani.

Murja ta ji labarin daga bakin Khairat, wadda ta shigo wasa da Ishaq.

"Anti, za mu hau jirgi ni da Mami. Abba ba zai je ba. Na ce masa ya shiga akwatina."

Murja ta juya ta shiga kicin. Ta ce a ranta yau za ta gaya wa Habu. Sai kuma ta tuna cewa faɗin gaskiya yanzu yana nufin faɗin ƙaryar da ta yi. Ta kunna murhu ta ɗora tukunya.

Bayan kwanaki kaɗan, Habu ya dawo gida tun kafin la'asar, abin da bai saba ba. Bai zauna ba. Ya ajiye wata farar takarda a kan tebur.

"Murja, yaushe na je kamfanin waya?"

Murja ta dubi takardar.

"Ina Darrasa ina duba littattafai," ya ci gaba, muryarsa a kwance, "sai ga Ustaz Haisam ya kawo nasa zai sayar. Littattafan da zai yi jarrabawa da su. Ya kama hannuna yana mini godiya, wai na sha layi har azahar saboda su. Na tsaya kamar wawa ban san me yake nufi ba. Da ya yi mini bayani, na ce ya zo mu tafi. Fasfo kawai na nuna. Ko shayin da muka saya a bakin ƙofa bai huce ba suka buga mana ita."

Ya nuna wani layi da ya ja wa biro. Ga ranar, ga lambar Ingila, ga tsawon kiran.

"Malam, na manta ne..."

"Wanda ya manta ba ya ƙirƙiro layi har azahar." Ya dube ta, irin kallon da bai taɓa yi mata ba. "Kin sa sunana a cikin ƙarya. Kina kallo ana raba mutum da matarsa, kina wanki da injinsu. Ina fita da safe ina karanta halal da haram, ashe a ɗakina ake wannan."

Murja ta fashe da kuka. Habu bai rarrashe ta ba.

"Haisam ya ce in ba shi takardar, na hana. Na ce masa wadda aka roƙa ita za ta kai. Wa'adinsu ya kusa cika. Yalla, tashi."

Ba ta taɓa sanin tsakanin ƙofarta da ta Fauziyya akwai nisa ba sai ranar. Ta tarar da ita zaune a kan tabarma, akwati a buɗe, tana ninke kayan Khairat. Haisam ya riga ya faɗa mata komai. Fauziyya ta karɓi takardar, ta karanta layin da aka ja wa biro, ta sake karantawa. Ba ta ɗaga kai ba.

"Na gode," ta ce. "Bari in shirya, za mu je a tura musu yanzu."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

An ɗauki watanni ana musayar takardu. Da aka ba su rana da lamba, hukumar ta gano kiran. Suka yafe duk abin da aka biya bayan ranar da ta sanar da su. Suka bar mata na watannin farko, waɗanda ta yi a Alƙahira kafin ta kira.

Wasu suka ce ta ƙalubalanci wannan ma, tunda ƙofa ta buɗe. Fauziyya ta ƙi.

"Wancan na yi jayayya a kansa don ina da gaskiya. Wannan kuwa na ci, kuma ba haƙƙina ba ne. Zan biya."

Suka yarda ta riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata. Ta kwance akwatinta. Ta fara koyar da 'ya'yan ma'aikatan ofishin jakadanci Turanci a ɗakinta, da abin da take samu take turawa. Haisam ya zauna jarrabawarsa matarsa na kusa da shi.

Gaskiya kuwa ta bi matakalar da ƙarya ta bi. Ba Fauziyya ce ta faɗa ba, amma bene ba ya riƙe magana. Mahasin ta tare Murja a bakin ƙofa ta ce, "Kin sa na ɗauki alhakin baiwar Allah da kunnena." Ba wanda ya zage ta. Kawai dai idan sabuwar amarya ta sauka, ba a ƙara cewa ta je wajen Maman Ishaq ba. Habu ya daɗe kafin ya koma yi mata hira, kuma ko da ya koma, idan ta ba shi labari sai ta ga yana ɗan jinkiri kafin ya gaskata.

Sai a farkon 2015 Fauziyya ta tura biyan ƙarshe. A ranar Murja ta tattara ƙarfin halinta ta yi sallama a ƙofarta. Fauziyya ta shimfiɗa mata darduma, ta kawo ruwa.

"Na zo neman gafara," in ji Murja, kanta a ƙasa. "Na cuce ki."

"Na yafe tun tuni, Yaya Murja. Ba zan iya biyan bashi biyu a lokaci ɗaya ba, na kuɗi da na riƙo a zuciya. Amma akwai tambayar da na daɗe ina son yi miki. Don Allah ki gaya mini gaskiya. Me na yi miki?"

Murja ta buɗe baki. Ta laluba ranta tun daga ranar da yarinyar nan ta fara durƙusa mata. Ta nemi magana ɗaya mai zafi, ko kallon raini, ko wani alkawari da aka karya. Ta nema da gaske, domin tana son ta samu ko ƙanƙane ne ta riƙe.

Ba ta samu ba.

"Ba ki yi mini komai ba," ta ce da ƙyar.

Fauziyya ta gyaɗa kai, hawaye na zubo mata.

"To shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Da laifi na yi, da na gyara, in san gobe ba za a sake ba. Amma wannan ban san yadda zan kare kaina daga gare shi ba. Za mu gaisa, za mu yi zumunci, in kin yi rashin lafiya zan zo. Sai dai damuwata ba za ta ƙara shiga ɗakinki ba."

Kuma haka aka yi har suka bar Masar.

Darasi: Hassada ba ta jiran a yi mata laifi, kuma ba ta ƙoshi da abin da ta ƙwace. Idan ka ji daɗi ya ratsa ka a ranar da ɗan'uwanka ya shiga matsala, ka tsaya ka binciki zuciyarka tun kafin bakinka ya yi ƙaryar da ba za ka iya janyewa ba. Idan kuma an ce ka mayar da kuɗin da aka biya ka fiye da ƙima, ka tsaya kan gaskiyarka da hujja, ka biya abin da ka san ba naka ba ne. Bashin kuɗi ana gama shi, amma amanar da aka ci ba kullum take dawowa ba. Ka tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai mai riƙe da taimakon wani a hannunsa yau yana jinkiri.